Ciwon Dasashi Na Raba Kyanwoyi Da Aikin Tsaron Rumbu

A Kwandere, garin manoma da ke kusa da Lafia, babban birnin Jihar Nasarawa, da wuya a shiga gida ko shagon hatsi ba a tarar da kyanwa tana miƙa a gindin buhuna ba. Ba don ado ake ajiye ta ba. Inda aka tara masara da shinkafa da gyaɗa da riɗi, nan ɓera yake kafa sansani, kyanwa kuwa ita ce ɗan gadin da ba ya neman albashi. Amma akwai wata cuta da take kwantar da wannan ɗan gadi a hankali, alhali masu gida ba su san sunanta ba, watau ciwon dasashi da sauran cututtukan baki.

Yadda abin yake farawa ba ya ɗaukar hankalin kowa. Kyanwa za ta zo wajen kwanon abinci da saurinta, ta sa baki, sa'an nan ta ja da baya tana kaɗa kai kamar wadda wuta ta ƙona. Wani lokaci ta karkata kai tana tauna da gefe guda, abinci yana zubowa. Daga nan sai wari ya fara fita daga bakinta, miyau yana dalala, wani lokaci gauraye da jini. Da yake da harshe take wanka, in bakin ya yi tsanani sai ta daina lasar jikinta, gashinta ya cukurkuɗe, ta rame. A wannan hali ne ake cewa ta ci guba, ko ta tsufa, ko kuma a ɗora mata zancen maita, a kore ta da sanda.

Likitocin dabbobi sun bayyana cewa babbar kyanwa tana da haƙora 30, ɗan kyanwa kuma yana da na nono 26 waɗanda suke faɗuwa kafin ya cika wata shida ko kusa da haka. Bayan kowane cin abinci wani yauƙi mai ɗauke da ƙwayoyin cuta yakan manne a jikin haƙori. In ya daɗe sai ya daskare ya zama tsatsa mai ruwan ƙasa-ƙasa, dasashi ya yi ja ya kumbura. A wannan mataki ana iya warkewa sarai. Idan aka bari kuwa, ƙwayoyin sukan nutsa ƙarƙashin dasashi su cinye jijiyoyi da ƙashin da suke riƙe da haƙori, har ya fara girgiɗi ya faɗi, kuma abin da aka rasa a nan ba ya dawowa. Cibiyar nazarin lafiyar kyanwoyi ta Jami'ar Cornell a Amurka ta ce tsakanin kashi 50 zuwa 90 cikin ɗari na kyanwoyin da suka wuce shekara huɗu suna fama da wani nau'i na ciwon haƙori ko na dasashi.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, inda kumburin ba ya tsayawa a gindin haƙora, sai ya bazu har can ƙuryar baki kusa da maƙogwaro, wurin ya yi ja jawur kamar ɗanyen nama. An fi ganin irin wannan a inda kyanwoyi suka yi cunkoso. A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidaje na musamman da ake tara kyanwoyin da ba su da masu su, kuma a can ne likitoci suka fi fahimtar yadda cutar take tafiya. Wata ƙwayar cuta mai suna kalisi, wadda take jawo mura da gyambon harshe, tana bin miyau da majina da kwanon abinci daga wannan zuwa waccan, tana kuma iya yin makonni a raye a jikin kwano ko daɓe. Har ila yau, a shekarar 1986 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano wata ƙwayar da take karya garkuwar jikin kyanwa, a wani gida da aka tara kyanwoyin da aka tsinto daga titi. Ita wannan ta hanyar cizo take yaɗuwa, shi ya sa muzuru mai yawon dare da faɗace-faɗace ya fi kamuwa, kuma ciwon baki yana cikin alamunta na yau da kullum. Dukkan ƙwayoyin nan biyu ba sa kama mutum.

To, a garuruwanmu ba a saba gina wa kyanwoyi gida ba, amma kasuwa da mahauta da bayan rumbuna suna yin aikin da waɗancan gidaje suke yi: tarin kyanwoyi a wuri guda, kwano ɗaya, faɗa kowane dare, babu allurar rigakafi. Bambancin kawai shi ne a can akwai mai buɗe baki ya duba.

Wani zai ce ina ruwan manomi da haƙorin kyanwa, ga taki ya yi tsada, ga kuɗin makaranta. Amsar tana cikin rumbunsa. Kyanwa da fiƙoƙinta take kashe ɓera, wadda bakinta yake ciwo kuwa ta zama kyanwar Lami, tana kallo ɓera yana wucewa. Ɓeran kuma ba hatsi kaɗai yake ɓarnatarwa ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, wani ɓera mai nonuwa da yawa ne yake yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci, kuma Nasarawa tana cikin jihohin da cutar ta sha ɓulla. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa ajiye kyanwa a cikin hanyoyin rage ɓeraye a gida, tare da rufe hatsi da nisanta juji.

Sai dai lalle ne a yi hattara a wuri ɗaya. Dalalar miyau alama ce kuma ta ciwon haukan kare, wanda yake kama kyanwa, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira. Ciwon dasashi yakan ɗauki makonni ko watanni, dabbar tana cikin hayyacinta. Hauka kuwa cikin 'yan kwanaki yake sauya halinta, ta fara kai cizo ba dalili ko ta shanye. Saboda haka kada wani ya cusa yatsa a bakin kyanwar da bai san tarihinta ba. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda take can tun 1924, ita ce babbar madogara wajen gwada wannan ciwo.

Kuskuren da ya fi yawan kashe kyanwa shi ne na tausayi. Mai gida ya ga tana shan wuya, sai ya ɓare farasitamol ya jiƙa ya ɗura mata. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya tana iya hallaka ta. Haka nan man goge baki na mutane bai dace da ita ba. Abin da mai gida zai iya yi shi ne ya ware ta daga sauran, ya ba ta kwanonta daban yana wanke shi da ruwan bilic, ya ba ta abinci mai laushi kamar dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya ko dafaffen ƙwai. Kada a bar ta ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci komai ba, domin yunwa irin wannan takan taɓa hantarta.

Sauran aikin na likitan dabbobi ne. Shi zai sa ta barci, ya kankare tsatsar har ƙarƙashin dasashi, ya cire haƙoran da suka lalace. Allurar kashe ƙwayoyin cuta kaɗai takan lafar da ciwon ne na ɗan lokaci, ya sake dawowa. Mutanen Kwandere suna da likitocin dabbobi a Lafia, in aikin ya fi ƙarfin nan kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi a jami'ar aikin gona ta Makurdi. A ciwo mai tsanani akan cire matauna duka, wani lokaci har da fiƙoƙin, kuma mafi yawan kyanwoyin da aka yi wa haka sukan sami sauƙi ƙwarai. Da ma kyanwa ba ta cika tauna ba, yagar nama take yi ta haɗiye, don haka da dasashin ya warke sai a gan ta ta koma kan kwanonta, ta ci, ta zauna tana lasar hannu tana goge fuska.