3.2 Lokacin da ya Dace a Ziyarci Garin Shipu

Shipu tsohon garin masunta ne da ke gaɓar teku a gundumar Xiangshan ta lardin Zhejiang, ƙasar Sin. Garin ya shahara da kifi da ƙaguwa da jatan lande, sai dai ba kowane lokaci baƙo zai tarar da su a wadace ba. Dalili kuwa shi ne, yawan kamu ya rage kifi a tekun, saboda haka tun 1995 hukuma take hana su a watannin zafi domin kifaye su hayayyafa. Manyan jiragen su ba sa fita sai tsakiyar Satumba, lokacin bikin buɗe su da aka fara a 1998. Ke nan, wannan ne lokacin da ziyara ta fi armashi.