Hujin Ingila da hujin maƙera

A gidaje da dama na Kwatarkwashi, adakar tsofaffi ba ta rasa anini da ɗari da kwabon zamanin Turawa. Tun da labari ya bazu cewa masu tara tsoffin kuɗi na sayen wanda aka yi kuskure wajen buga shi da tsada, kowane lanƙwasasshen kwabo ya zama dukiya a idon mai shi.

Hujin tsakiyar kwabo daga masana'anta yake. Kuskure na gaskiya shi ne hujin ya kauce daga tsakiya, ko a rasa shi ɗungum, alhali tauraron nan mai tsini shida da rubutun suna lafiya lau. Bakin irin wannan huji sumul yake. Wanda maƙeri ya yi da ƙusa, don a zura zare a rataya wa yarinya, yakan zo kusa da gefe, ya turo ƙarfe a ɗaya fuskar, har yatsa na jinsa. Wannan lahani ne, kuma karya farashi yake yi.

Na sha jin ana cewa haruffan KN da ke jikin wasu na nufin Kano. King's Norton ce, masana'anta a Birmingham ta Ingila. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas ma ba kuskure ba ne, an buga shi da yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne masu goge kwabo da toka da lemon tsami. Mai saye na ganin ƙyallin nan zai rage kuɗin.