Filin Manoma: Ƙanƙarar Da Ba Ta Zama Ruwa

Makiyayan Anka da Gummi da Bukkuyum, ku sani allurar rigakafin dabbobi ba ta shiri da zafi. Daga Vom, inda ake yin ta, zuwa ƙasarku tafiya ce mai nisa. In ta sha rana a hanya, ko an yi wa saniya aikin banza ne. Da allura mai kyau aka ci ƙarfin ciwon bushiya, har aka tabbatar ya ƙare a duniya a 2011.

Cikin abubuwan da likitoci ke sanyaya kayan aikinsu da su akwai busasshiyar ƙanƙara. Ba ruwa ba ce, irin iskar nan ce da muke fitarwa wajen numfashi aka daskarar. Sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifiri. Ba ta narkewa ta jiƙa kaya, sai dai ta koma iska.

To, ga gargaɗi. Kada ku taɓa ta da hannu tsirara, tana ƙuna kamar garwashi. Kada ku toshe ta cikin kwalba, sai ta fashe. Kada ku ajiye ta a rufaffen ɗaki ko mota, gama kilo ɗaya yakan ba da iska fiye da lita 500, mai shaƙe mutum. A nisanta yara da ita. Kuma ba kowace allura ke jure daskarewa ba, sai ku tambayi malamin dabbobi.

Allah ya raya mana dukiya, amin.