Ambaton Masu Hannu cikin Buɗaɗɗiyar Manhaja: Misalin Linux

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bar asalin rubutunta a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Da yake mafi yawan irin wannan aiki na taron dangi ne, tun farko batun ambaton masu hannu ya zama abin lura.

A shekarar 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fitar da cibiyar manhajar Linux. Daga baya aka sanya mata wani kundi mai suna CREDITS, inda aka jera sunayen masu taimako bisa tsarin abacada, kowa da bayanin abin da ya yi. Wannan godiya ce kurum, kundin ma bai ƙunshi kowa ba.

Al'amarin ya sake salo a 2003, sa'ad da kamfanin SCO ya yi ƙarar IBM, yana da'awar an cusa rubutun da yake mallakarsa cikin Linux. Tambayar da ta taso ita ce: wa ya rubuta wannan layi, kuma ta hannun wa ya shigo? Saboda haka a 2004 aka wajabta wa duk mai kawo gyara ya sa sunansa a ƙarƙashinsa, yana shaida cewa yana da ikon bayar da shi. Duk wanda ya karɓa ya miƙa gaba shi ma sai ya ƙara nasa. Manazarcin da ya san isnadi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin suna ya tashi daga yabo ya koma ɗaukar alhaki. Har ila yau akan ambaci wanda ya gano kuskure, da wanda ya duba, da wanda ya jarraba gyaran.

Sai dai tilasta ambato yakan zama kaya. Tsohon lasisin BSD na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya sharɗanta a ambaci jami'ar cikin kowace talla. Wasu suka kwaikwaya da nasu sunayen, har Richard Stallman ya ƙirga irin wannan jimla 75 cikin NetBSD ta 1997. Jami'ar ta janye sharaɗin a 1999.