Kafin a Danna Bangon Littafi, a Gwada Kwalin

Jos gari ne da ya daɗe da sanin littafi. A nan mishan ta SIM ta yi hedkwatarta shekaru masu yawa, a nan kantin littattafai na Challenge ya yi suna, kuma Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana yaye ɗalibai duk shekara, kowanne da kundin bincikensa da za a yi wa bango. Yanzu marubuta da yawa suna son sunan littafinsu ya taso a kan bango, yadda yatsa zai ji tudunsa. Aikin yana da kyau idan ya fita, amma sau da yawa tun wajen sayen kwali ake ɓata shi, domin ana tambayar nauyinsa kawai, ba a gwada shi.

Hatimin ƙarfe biyu ake amfani da su, ɗaya mai tudu, ɗaya mai rami. A sa kwali tsakaninsu, na'ura ta matse da ƙarfi, wani lokaci har da zafi. Wato tilasta wa zaruruwan takardar ake yi su miƙe su shiga ramin su zauna. Lambar da mai shago yake faɗa, giram 250 ko 300, nauyin murabba'in mita ɗaya ce kurum. Ba ta bayyana ko zaruruwan dogaye ne masu jure ja, ko gajeru masu saurin tsinkewa. Kwali biyu masu lamba ɗaya, wani ya riƙe harafi tsaf, wani ya tsage a gefensa. Mai sheƙi ya fi yawan ba da kunya, don abin da aka shafa masa ba ya miƙewa kamar takardar da ke ƙarƙashinsa: sai ka ga farin tsagu sirara sun zagaye harafi a kan baƙin bango. Baduku ma ba ya buga ado a jaka sai ya gwada ƙarfensa a guntun fatar.

Ga kuma yanayin garin Jos, wanda yake bisa tudu kimanin mita 1,200. Takarda tana shan danshi tana kuma sakinsa. A tsakiyar damina, wajen Agusta, kwali yakan yi laushi, ya karɓi matsa cikin sauƙi, amma bangon yana iya lanƙwashewa daga baya. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan bushe ƙayau, matsar da ta yi daidai a damina ta fasa shi. Saboda haka samfurin da aka gani a Legas, ko wanda aka yi a Jos wata shida da suka wuce, ba hujja ba ne.

Masu maɗaba'a za su ce gwaji ɓarnar kwali ne da lokaci, ga tsada, ga shi ba kullum ake samun iri ɗaya a kasuwa ba. Maganarsu tana da tushe: masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, yawancin kwalin daga waje yake zuwa. Sai dai wannan dalili ne na ƙara gwaji, tunda damin da aka saya yau ba lallai ya zama irin na jiya ba. Kuma falle goma ya isa. A bar kwalin ya kwana a ɗakin aiki, a lanƙwasa shi ta ɓangare biyu a gane inda zaruruwansa suka dosa, a yanka yadda za su bi tsawon littafin. A buga tawada, a sa leda idan za a sa, sannan a danna, daga matsa kaɗan zuwa mai ƙarfi. A ɗora littattafai a kai, washegari a duba ko tudun ya kwanta.

Marubucin da zai biya kuɗin kwafi dubu yana da ikon ya ce sai ya ga wannan samfurin, ya riƙe shi a hannunsa. Kada ka ba da izinin bugu kafin nan.