Littafin caji ofis da barcin ɗan sanda: Shawara ga Kankiya da Kusada

Watannin baya ina dawowa gida Kankiya daga wata doguwar tafiya, muka iso wani shingen bincike dab da kiran asalatu. Ba zan ambaci wurin ba, domin abin da na gani bai taƙaita ga wuri ɗaya ba. Ɗan sandan da ya tsayar da mu ya dafa ƙofar mota, idanunsa jajur, yana magana yana lumshe su. Na ce, "Yallaɓai, sannu da aiki, da alama ba a runtsa ba." Ya yi murmushin yaƙe ya ce, "Alhaji, rabona da gida tun shekaranjiya." Bindiga na rataye a kafaɗarsa. Har na isa gida ina juya abin a raina: mutumin da barci ke fizga a tsaye, shi muka ɗora wa nauyin yanke shawarar harbi ko fasa harbi cikin ƙiftawar ido.

Kankiya da Kusada ba sa cikin ƙananan hukumomin da ta'asar 'yan bindiga ta fara ɗaiɗaitawa, irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari. Amma duk mazaunin yankin ya san wutar ta matso kusa. A 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa ma'aikatar tsaron cikin gida, ya kuma ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban shekarar. Kukan da muke yi kullum shi ne a ƙaro jami'ai da motoci da makamai, kuma kukan yana bisa hanya. Sai dai akwai tambayar da ba mu cika yi ba: 'yan ƙalilan ɗin da muke da su, da wace hujja ake tura su inda ake tura su, kuma cikin wane hali suke isa can?

Wasu ƙasashe sun daɗe suna auna wannan. Tsakanin 1972 da 1973, a birnin Kansas na Amurka, an ƙara motocin sintiri a wasu unguwanni, an janye sintirin yau da kullum daga wasu, an bar wasu yadda suke. Da aka yi lissafi, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba a yawan laifuka ko a fargabar jama'a. Kewaya gari ba tare da manufa ba ƙona mai ne kawai. A 1989 Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka bi diddigin kiraye-kirayen da ake yi wa 'yan sanda a birnin Minneapolis, suka tarar kusan rabinsu daga kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin suke fitowa. Daga baya Christopher Koper ya nuna cewa tsayawar kimanin minti 15 a irin waɗannan wurare ta fi tasiri, bayan haka amfanin tsayuwar yana raguwa. A 1998 Sherman ya tattara ra'ayin wuri guda: kamar yadda likita ke ba da maganin da aka gwada, haka ya kamata ɗan sanda ya yi aiki da dabarar da aka gwada.

Wani zai ce ina ruwan Kusada da Minneapolis? To, ai hujjar tamu tana nan cikin aljihun tebur. Kowane caji ofis yana da littafin da ake rubuta ƙararrakin da aka kawo, da rana da lokaci da wuri. Da baturen 'yan sanda zai zauna da littafin shekara biyu da taswirar ƙaramar hukuma da biro mai launi, zai ga inda satar shanu ta fi yawa, da hanyar da aka fi ƙwace babura, da ko abin ya fi faruwa a yammacin ranakun kasuwa ko lokacin kaka da amfanin gona ya shigo gida. Da yake ba kowa ke kai ƙara ba, sai a cike giɓin da abin da dagatai da masu unguwanni da shugabannin 'yan acaɓa suka sani, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan aiki bai buƙatar kwamfuta ko kasafin Abuja.

Dole a yi hattara da kwaikwayon ido rufe. A 2021 mujallar Science ta buga sakamakon gwajin haɗa 'yan sanda da al'umma a ƙasashe shida: Brazil da Kolombiya da Laberiya da Pakistan da Filifin da Yuganda. Shirin bai rage laifi ba, bai kuma ƙara amincewar jama'a ba. Daga cikin dalilan akwai yawan canza wa jami'ai wurin aiki, da ƙarancin kayan aiki, da rashin mayar da hankalin manya. Duk wanda ya san aikin ɗan sanda a Najeriya ya san waɗannan cututtuka. Darasin shi ne, duk dabarar da aka aro a gwada ta a gida, a ƙirga sakamakonta kafin a yaɗa ta.

Mu koma kan mutumina na shinge. Binciken da Drew Dawson da Kathryn Reid suka wallafa a 1997 daga Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, kuzarin ƙwaƙwalwarsa na raguwa kamar na wanda barasa ta kai masa matakin da ƙasashe da dama suka hana tuƙi da shi. Ba za mu yarda mashayi ya riƙe mana bindiga ba, amma mun yarda da wanda gajiya ta mayar haka. Wani gwajin da aka fitar a 2011 kan 'yan sandan Detroit da Arlington a Amurka ya gano masu aikin awa 10 sun fi masu awa 8 samun barci, masu awa 12 kuwa sun fi kukan gyangyaɗi da raguwar natsuwa. A Birtaniya, binciken Jami'ar Cambridge na 2019 ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na jami'ai na fama da ciwon firgici sakamakon abin da suka gani a bakin aiki. Idan haka ne a can, me za a ce da kofur ɗin da ya ɗauko gawar abokin aikinsa daga daji, washegari ya koma sintiri ba wanda ya tambaye shi lafiyar zuciyarsa? Wani ɓangare na tsawa da saurin fushin da muke kuka da su daga nan yake tasowa, ko da yake wannan ba uzuri ba ne ga cin zali ko karɓar na goro.

Abubuwan biyu a haɗe suke. Ofishin da ya san wurare da lokutan haɗari ba ya buƙatar shanya jami'ansa ko'ina dare da rana, kuma awoyin da ya tsimi su ne za su zama barci da ganin iyali. Shawarata ga rundunar 'yan sandan Jihar Katsina ita ce ta ɗauki Kankiya da Kusada a matsayin wurin gwaji na wata shida. A rubuta awoyin aikin kowane jami'i kamar yadda ake ƙirga harsashi. A tabbatar wanda ya kwana aiki ya huta kafin a sake ba shi makami. Wanda ya fito daga artabu ya samu zama da ma'aikacin lafiya cikin sirri. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma na nan maƙwabtaka, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil; malamansu da ɗalibansu za su iya taimakawa da lissafi, bayan an cire sunayen masu ƙara. Kwamitocin al'umma da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanada su riƙa karɓar rahoto duk wata.

Idan gwajin bai yi amfani ba, lissafi zai nuna, sai a canza. Idan ya yi, sauran ƙananan hukumomi 32 na jihar sun samu abin koyi daga gida. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kare masu kwana ido biyu domin mu yi barci.