Jinkirin Lodi da Gajiyar Direba: Wa Ke Ɗaukar Hasarar?

A kusan kowane zama namu ba a rasa wanda zai kawo kukan direbobi. Wani ya ce an iso masa da shanu a galabaice, wani ya ce direba ya kwana a hanya ba da saninsa ba, wani kuma ya ce gudu ya yi yawa har sa ya karye. Mun ji ta bakin direbobin su ma, kuma mun ga ya kamata mu bayyana wa jama'a inda matsalar take farawa. Gaskiyar magana ita ce, sau da yawa a kara take farawa, tun mota ba ta tashi ba.

Yadda lokaci ke salwanta

Mu ɗauki misalin falken da ya fito daga wajen Damagaram ya ci kasuwar Maigatari ran Alhamis, yana son kai kaya Ikko. Ya kira direba tun da hantsi. Direba ya kawo tirela, an zuba rairayi da ciyawa a ciki, ya zauna jira. Amma ciniki bai faɗa ba sai bayan la'asar. Sannan a jira dillali ya karɓi la'ada, a jira malamin dabbobi ya ba da takarda, a jira 'yan kamasho, a bi layin wurin lodi. Idan kuma mutum uku ne suka haɗa mota guda, to, sai na ƙarshensu ya gama saye. Kafin a ɗaure sa na ƙarshe an yi isha'i.

Mu a lissafinmu yanzu tafiya za ta fara. Shi kuwa direba ya yi wuni cur a cikin rana, idonsa biyu, yana tsaron layi kada a sha gabansa. Wannan zaman ba hutu ba ne. Ga shi kuma gabansa akwai fiye da kilomita 1,000, da shingayen kwastan da 'yan sanda, kowanne da irin nasa jinkirin.

Iyakar ɗan Adam da iyakar dabba

Ba banza ba ƙasashe suka sa wa tuƙi iyaka. A Tarayyar Turai, dokar shekarar 2006 ta ce direban babbar mota ya yi tuƙin awa 9 a rana, kuma bayan awa 4 da rabi tilas ya huta minti 45. Akwai na'ura a cikin mota mai rubuta kowane motsi. Dokarsu ta 2005 kuma ta dabbobi ce: shanu su yi awa 14 a mota, a ba su hutun awa 1 da ruwa, su ƙara awa 14, daga nan sai a sauke su su huta awa 24.

Ba muna cewa hanyoyinmu irin nasu ba ne. Abin lura dai shi ne, jikin direban Maraɗi da na direban Faransa duk ɗaya ne, kuma barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

A nan ne direban shanu ya bambanta da mai ɗaukar siminti. Siminti ba ya jin ƙishirwa. Shi kuwa mai shanu yana tsakanin wuta biyu: in ya tsaya ya yi barci, dabbobi na ramewa, zafi na cinsu, wanda ya kwanta a ƙasa 'yan'uwansa na tattaka shi. In kuma ya ci gaba, ransa da na yaran mota da na masu rakiya da ke zaune a sama duk suna cikin haɗari. Wasu sai su koma ga goro da shayi mai kauri, wasu har ƙwaya. Ƙwaya tana buɗe ido, amma ba ta dawo da hankali.

Ina za a tsaya?

Ko direba ya so hutawa, wurin tsayawa wani aiki ne. Duk wanda ya bi hanyar kudu ya san Mararrabar Jos, Tafa, Mokwa, Jebba da Ogere, inda manyan motoci ke jeruwa a bakin kwalta. Wanda ya isa tsakar dare yakan tarar wuri ya cika, sai ya raɓa a gefen titi kusa da tankokin mai. Mafi yawan wuraren nan ba a yi su don dabbobi ba: babu inuwa, babu wurin saukewa, babu kwamin shayarwa. Tsayawa a daji kuwa, kowa ya san halin tsaro. Saboda haka direban da ya tashi a makare ya rasa abu biyu a lokaci guda, sanyin dare da wurin tsayawa mai kyau.

A ƙarshe wa ya yi hasara? Mu ne. San da ya iso a rame mahauci ba ya ba shi daraja. Wanda aka yanka a hanya kuwa, sai dai a karɓi abin da aka samu.

Abin da ke hannunmu

Gyaran hanya da rage shingaye aikin hukuma ne, kuma za mu ci gaba da kai kuka. Amma ga abin da ba sai mun jira kowa ba:

1. Kada a kira mota sai kaya sun kusa haɗuwa. In ta zo da wuri, a bar yaron mota ya tsare layi, direba ya je ya kwanta.
2. A gama takardun lafiya da na haraji kafin lodi, ba bayansa ba.
3. A shayar da dabbobi su huta kafin a hau da su, kuma kada a cusa fiye da abin da mota za ta ɗauka.
4. A tafiya mai nisa a nemi mota mai direba biyu. Kuɗin na biyun bai kai kuɗin sa ɗaya ba.
5. A yi magana tun farko a kan wuraren tsayawa da kuɗin jira, a gaban shaidu.
6. A daina yi wa direba alkawarin tukuici don ya riski kasuwa ko ta halin ƙaƙa. Sauri kan haifi nawa.

Muna roƙon shugabannin rassa su zauna da shugabannin tasha a kan waɗannan batutuwa kafin hada-hadar Babbar Salla ta kankama, lokacin da mota ke wuya kuma kowa ke gaggawa. Direba amanar dukiyarmu ke hannunsa, mu kuma amanar ransa na wuyanmu.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a kasuwa. Amin.